Belmiro Ya Hana Ƙanshi Fita

Shekara goma sha ɗaya Belmiro Parreira ya yi a Faransa, ko kuwa goma sha uku ne, lissafin shekaru ya fara zame mini kamar sabulu a ruwa. Abin da nake da tabbas a kai shi ne, ya bar ƙauyenmu na Tordos da akwatin kwali ɗaure da igiya, ya dawo da tumbi da murɗaɗɗen gashin baki da kuma hanci. Hancin dai wanda ya tafi da shi ne, amma a faɗarsa can aka buɗe masa shi, a wata ƙatuwar gonar inabi kusa da Bordo. Waɗanda suka yi ci-rani tare da shi sun ce ciyawar bakin ƙofa yake yankewa, ranar Asabar kuma ya wanke tsakar gida da tiyo. Shi kuwa cewa yake ba a taɓa toshe ganga a gidan nan ba sai an aika a kira shi ya shinshina.

Kowane hantsi yana shagon Deolinda, inda ake gasa burodi ta baya, ake sayar da jar giya ta gaba. Maza su jingina da kanta, ga zaitun a faranti, ga cukun tumaki, kowa ya kurɓe ɗan kofinsa ya koma gona. Ban da Belmiro. Shi sai ya ɗaga kofin ya duba a hasken ƙofa, ya jujjuya har rabi ya zube masa a hannun riga, ya cusa hanci, ya lumshe ido.

"Ku sha kawai kuke kamar alfadarai a komi," in ji shi wata rana. "Kowace ƙasa da abin da take gaya wa hanci. Ta Douro, dutsen da rana ta gasa za ka ji, da busasshen ɓaure. Ta Bairrada bauri gare ta, ta ɗaure maka harshe kamar ka tauna ɓawon rumman. Ta Bordo kuwa, wayyo Bordo! Fensir da aka fere yanzu-yanzu, da taba mai tsada, da fatar sabon sirdi."

"To mutum ya je ya lashi sirdi mana ya huta," in ji Deolinda.

Kawu Amaro, tsohon da ya fi kowa sanin randar giya a garin, shi ne ya tsaya wa 'yar Belmiro ranar baftisma, don haka kompadre suke kiran juna. Ya turo masa wani kofi a kan kanta.

"Wannan fa, kompadre? Daga ina ta fito?"

Belmiro ya shaƙa har gashin bakinsa ya jiƙe. "Sifen. Daga Rioja take. Ta kwana shekara biyu a gangar itace, ga kanumfari nan, ga masoro yana leƙowa ta bayansa."

"Daga randar da ke bayanka na ɗebo ta," in ji Deolinda, "kuma inabin gonar matarka ne."

"To kofin ne. Wani ɗan Sifen ya sha a kofin nan ba ki wanke ba."

Aka yi dariya har wani ya ƙware da ƙwallon zaitun. Belmiro ko a jikinsa.

Da Satumba ta zo aka yanke inabi, aka murƙushe, kowane gida ya zuba nasa a randunan yumɓu, ruwa da ɓawo da 'ya'ya gaba ɗaya, kamar yadda kakanni suke yi. A gidan Belmiro randa ɗaya ce, amma ta isa goma. Tsohuwa ake kiranta. Ta fi shi tsayi ko da ya ɗaga hannu, maza huɗu kuma sai sun riƙe hannun juna kafin su kewaye cikinta. Kakan kakan matarsa Ludovina ne ya kawo ta a keken shanu, aka girke ta a fili, sannan aka gina ɗakin a kanta, shi ya sa ƙofar ɗakin ta fi ta ƙanƙanta. Maginan da suka iya irinta duk sun riga mu gidan gaskiya. In ta fashe, ta fashe ke nan.

Tun rasuwar mahaifinta Ludovina ce ke kula da ita, ba ta barin kowa ya hau tsaninta. Sai ga shi a daidai ranar da giyar ta fara tafasa ba wuta, saƙo ya zo daga Setubal cewa 'yarsu Alda ta kusa sauka, haihuwar fari. A bakin motar safe Ludovina ta kama mijinta ta gaban riga.

"Belmiro, dube ni. Ba hancinka nake so ba, kunnenka nake so. Safe da yamma ka hau tsani ka danna ɓawon nan ƙasa da muciya. In ka bar shi ya taso ya daskare a wuyanta, numfashinta zai toshe. Ka jiƙa buhuna ka lulluɓe mata ciki kada ta yi zafi. Bakinta kuma a buɗe. Nawa na faɗa?"

"Uku, uwar Alda. Haba, ni da na kula da tankunan ƙarfe masu tsayin hasumiyar coci..."

"Ciyawarsu ka kula da ita. In na dawo na tarar da tsaga ko kamar gashin kai a jikin Tsohuwa, ka koma Faransa da ƙafa, kada ma ka tsaya ɗaukar riga."

Mota ta tashi. Belmiro ya juyo zai koma gida yana gyara kwala, sai ya tsaya cak a tsakiyar titi. Garin gaba ɗaya ya gauraye da ƙanshin sabuwar giya, yana fitowa ta kowace ƙofa da taga, har tsuntsaye a kan waya kamar sun yi laushi. Ya shaƙa sau ɗaya, ya shaƙa sau biyu, ya dafe kai. Da gudu ya faɗa shagon Deolinda.

"Na gano! Jama'a, na gano abin da ya hana giyar garin nan suna!"

"Rashin wanke kofi?" in ji Deolinda.

"Ku fita ku shaƙi titi. Wannan ƙanshin na wane ne? Na giya ne! In yana titi, to ba ya cikin randa. Shekara ɗari biyu kuna ciyar da iska, karnuka da jakuna suna shaƙe muku dukiya kyauta, ku kuma ku sha abin da ya rage. Bana ko ɗigon ƙanshi ba zai fita daga Tsohuwa ba. Rufe ta zan yi ruf. Ranar da za a buɗe randuna, mutanen Bordo da kansu za su zo da kofi a hannu."

Kawu Amaro ya ajiye burodinsa. "Kompadre, giya a kwanakin nan numfashi take. Ka taɓa toshe wa mai gudu hanci? In ka rufe ta za ta nemi hanya da kanta, kuma ba za ta tambaye ka ta ina ba."

"A Bordo komai a rufe yake."

"Ba ka ga wata 'yar kafar iska a saman tankunan nasu ba?"

"Ban hau sama ba. Wato, ba a bukatar in hau. Daga ƙasa hancina ke aiki."

"Ludovina ta san da wannan?"

"Mamaki zan ba ta."

"Za ta sha shi kuwa," in ji Deolinda.

Kafin azahar ya kwance saman teburin cin abincin gidan, mai zagaye, ya hau tsani ya kifa shi a bakin randa. Ya zauna daidai kamar don ita aka yi shi. Muciyar, doguwar sandar nan mai faffaɗan kai, ya jingine ta a lungu ya rataya mata hularsa. Da ya kai hanci gefen murfin sai ya ji ƙanshi na tsiyayowa. Ya koma wurin Deolinda ya saye kwaɓin burodin yamma gaba ɗaya, ya zo ya liƙe gefen kaf kamar mai yaɓe. Ranar nan garin ya ci miya da burodin jiya, aka yi ta sa masa albarkar da ba ta kama da albarka.

Da safe ya buɗe ƙofa ya tarar kwaɓin ya ji ɗumin randa ya kumbura, ya zubo ta gefe kamar gemun waliyyi, a gefe ɗaya kuma ya hura wani ƙaton ƙululu kamar cikin akuya mai tagwaye. Belmiro ya hau tsani ya matsa kusa don ya bincika da idon masani. Ya taɓa shi da ɗan yatsa. Fus! Ya fito titi yana lalube, fuska duk kwaɓi, gashin baki ya zama ƙahoni biyu farare.

Deolinda na shara a ƙofarta. "Shigo tanda in gasa ka, maƙwabci, ko na mayar da asarar jiya."

"Gwaji ne," in ji shi ta cikin kwaɓin. "A kimiyya ana haka."

Nauyi ne ya yi kaɗan, haka ya yanke. A bayan gida akwai dutsen niƙan zaitun na dā, mai zagaye kamar tayar babbar mota. Ya aro jakar Kawu Amaro, wato macen jakinsa. Sunan jakar nan yana bakina yanzun nan, suna ne na wata sarauniya, ya tafi kuma. Za a tuna. Ya ratsa igiya ta kan azara, ya ɗaure dutsen a wannan bakin, jakar a wancan, ya ce mata ta ja. Ta ja, dutsen ya hau, ya sauka a kan murfin a hankali. Belmiro ya tsaya ya riƙe ƙugu yana jiran wanda zai yaba.

Murfin ya yi shiru na ɗan lokaci. Can sai ya ɗaga kafaɗa ɗaya kamar mai jin ƙaiƙayi. Dutsen ya karkata, ya sulmiyo, ya wuce ta gefen cikin Tsohuwa da tazarar da ba ta kai faɗin yatsa ba. Fuskar Ludovina ta gilma wa Belmiro. Dutsen ya dira a kan gefensa, ya ga ƙofa a buɗe, ya fita.

Titinmu gangare ne. Dutsen ya bi shi yana ƙara sauri, jakar na biye saboda igiya, Belmiro na biye da jakar yana ihun a kauce. Tsofaffin mata suka ɗaga ƙafafu daga dakali. Ya wuce kantin aski, ya wuce famfon gari, ya shiga ta katangar akurkin Fada Isidoro, limamin cocinmu, ya fita ta ɗaya gefen, sannan ya kwanta cikin kabejin Fada ya huta. Kaji goma sha biyu suka bazu a dandali.

Fada Isidoro ya fito da adiko a wuya, cokali a hannu. "Belmiro, ɗana, wannan dutsen naka ne?"

"Fada, ziyara ya kawo."

Wani zai ce daga nan mutum ya saduda. Belmiro kuwa kafin a gama kama kajin ya shawo kan Fada da labarin fensir da sirdi, har ya yi masa alkawarin shi ne zai fara shaƙar ƙanshin da aka tara, in dai zai ara masa igiyar ƙararrawar coci. Fada mutum ne mai son abinci da duk abin da ke raka abinci. Ya ba da igiyar. Ranar Lahadin nan da guduma ya hau hasumiya ya buga ƙararrawa, rabin gari suka fito da bokitai suna tambayar ina gobara.

Yanzu aikin ya zama na gaske. Belmiro ya yanko robar cikin tayar tarakta ya naɗe gefen murfin. Ya ɗaure shi da igiyar coci, ta sama ta ƙasa, ya zagaye cikin randa da ita kamar ana shirin kai Tsohuwa kasuwa. Ya samo wani gungumen itace ya kafa shi tsaye a kan murfin, kansa ya tokare azarar rufi. Buhunan da aka ce ya jiƙa ya kwashe su, domin a cewarsa sanyi na sa ƙanshi kasala. A madadinsu ya lulluɓe ta da bargon ulun da Ludovina ta zo da shi gidan aure.

Duk da haka in ya bi gefen ƙofa da hanci yana jin wani ɗan siririn ƙanshi na sulalewa. Ya ɗauko alli ya ja layi a titi, taku biyar daga ƙofarsa.

"Daga yau duk wanda zai wuce nan ya riƙe numfashi. Wanda ya shaƙa, sata ya yi."

Ai kuwa kamar ya yi shela. Da yamma tsofaffin matan unguwa suka ɗauko kujeru suka jera a bakin layin da saƙarsu. Deolinda ce shugaba. Ta ɗaga hannu, "Ɗaya, biyu," su duka su ja iska fuuu har kafaɗunsu su tashi.

"Na samu fensir!" in ji ɗaya.

"Ni sirdin ne ya shige mini, da jakin a ƙarƙashinsa!"

"Ku mayar!" Belmiro na daka tsalle a ƙofa. "Ku mayar mini da abina, ɓarayin banza!"

"Ga shi nan," in ji Deolinda, suka huro masa gaba ɗaya.

A kwana na biyar Tsohuwa ta fara magana. Da farko ƙugi ne kamar na cikin mai yunwa. Daga baya ya zama nishi mai tsawo, irin na saniya mai naƙuda, har mai gyaran dabbobi ya tsaya da kekensa ya tambaya ko a shigo da shi. Kyanwar gidan ta kwashe 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya ta koma maƙwabta. Kawu Amaro ya tsaya a tsallaken titi yana kallon rufin, inda biyu uku daga kasaken yumɓun da aka rufa shi da su suka ɗaga kamar gira.

"Kompadre, rufinka na yin ciki."

"Ƙarfin ƙanshi ne. Ka taɓa jin randarka ta yi irin wannan muryar?"

"Sau ɗaya na ji, ina saurayi, a gidan wani a Vila... a can ƙasa. Har yau ana tsintar guntayenta in an yi noma. Don girman Allah ka bari in sassauta igiyar nan."

"Hassada ba ta yi maka kyau ba, kompadre, da furfurarka."

Gaskiya dai Belmiro ya ɗan ji tsoro. Ya ɗora tafinsa a kan bargon, ya ji zafi kamar goshin mai zazzaɓi. Ya kalli muciya a lungu da hularsa a kanta. Amma sai ya tuna matan nan da kujerunsu, ya ga in ya kwance igiya yau, har ya mutu ba zai iya shiga shagon Deolinda ba. Maimakon haka ya sa kwat ɗinsa na Faransa ya bi gida-gida yana gayyata: jibi da tsakar rana za a yi bikin shaƙar farko. Zai huda murfin da ɗan siririn ƙarfe, manyan gari su zo ɗaya bayan ɗaya su kai hanci, ƙanshin kwana bakwai a shaƙa guda.

Shi kuwa Kawu Amaro shagon Deolinda ya shiga, inda wayar garin take, ya ce mata, "Kina da lambar asibitin nan na Setubal?"

Ranar biki ɗakin ya cika har titi. Belmiro ya share, ya rataya fitilun takarda. A tsakiyar daɓen kowane ɗakin randa akwai rami da tukunya binne a ciki, ɓarawo muke ce masa, daɓen kuma duk ya gangara wajensa, don in randa ta yi ɓarna giyar ta taru a can. Belmiro ya ce wannan abin na matsorata ne, ya rufe shi da wani tsohon katako, ya shimfiɗa darduma, ya tsayar da Fada Isidoro a kai a matsayin babban baƙo. Ƙungiyar mawaƙan garin suka zo da baƙaƙen hulunansu da ƙyallaye a wuya, maza ashirin, suka sarƙe hannuwa suna rangaji, suka ɗauko waƙar girbi a hankali da manyan muryoyi.

Tsohuwa ta amsa musu. Wuuuuu.

Shugaban mawaƙan ya juya ya harari mai babbar muryar cikinsu. "Ka sauka da yawa."

"Wallahi ban buɗe baki ba tukuna!"

Wani kasko ya zamo daga rufi ya tarwatse a titi. Ƙura ta zubo daga azara a kan hular Fada. Belmiro ya ɗaga hannu zai fara jawabi, "Jama'ar Tordos, yau tarihi..." sai gungumen ya yi ƙara, ƙas, ya lanƙwashe, ya karye biyu. Murfin ya ɗaga, igiyar coci ta miƙe tana kuka kamar tsirkiya.

Ban taɓa ganin mai tumbi ya hau tsani da irin wannan saurin ba. Kafin a ƙifta ido Belmiro ya haye ya zauna daram a kan murfin, ya riƙe gefe da hannu biyu. Murfin na rawa da shi, gaba, baya, kamar ya hau baƙon alfadari.

"Kada kowa ya tsorata! Yana cikin tsarin! Kamar yadda nake cewa, yau ta-ta-tarihi..."

"Belmiro, ɗana," in ji Fada, "shaƙar nan ba za a iya ɗage ta zuwa wani makon ba?"

Sai taron ya dare biyu daga ƙofa. Ludovina ce, da mayafin tafiya da jaka a hannu, motar rana ta sauke ta. Ba ta kalli mijinta ba. Ta ajiye jakar, ta fizge bargon aurenta ta jefar, ta ɗora tafi a cikin Tsohuwa ta janye da sauri. Ta kara kunne. Fuskarta ta yi fari kamar bangon garin.

"Kawu Amaro, saura nawa?"

"Bai kai a karanta addu'ar Ubanmu sau ɗaya ba, 'yata."

"Uwar Alda!" Belmiro ya leƙo daga sama yana murmushin da ke karkarwa. "Kin dawo da wuri! Mamaki na shirya miki..."

"Sauko."

"In na sauko murfin zai tashi!"

"To zauna."

Ta miƙa hannu ba ta waiwaya ba. Deolinda ta sa mata wuƙar yankan inabi a ciki. Ludovina ta kama igiyar coci inda ta fi miƙewa, ta ja wuƙar sau ɗaya.

An ce an ji ƙarar a ƙauyuka uku. Murfin ya tashi, Belmiro na kai, ƙafafu a sama, kwat na filfilwa. Teburin ya fasa rufi ya fita, sai washegari aka same shi a kan itacen zaitun ɗin mai aski. Shi kuwa Belmiro bai kai rufin ba. Ƙugiyar ƙarfen da ake rataya cinyar nama a azara ce ta cafke shi ta bayan ɗamarar wando, ya tsaya yana lilo, fuska ƙasa. A ƙarƙashinsa Tsohuwa ta yi gyatsar kwana bakwai. Kumfa da ɓawo da jan ruwa suka yi sama kamar itace, suka buɗe kamar laima, suka sauko a kan kowa. Mawaƙa ashirin da ke sarƙe da juna suka zame tare, suka zauna tare. Tsanin ya faɗi ya rabe biyu. Ruwan ya bi gangaren daɓe inda kakanni suka tsara masa, ya taru a kan darduma, katakon ya ce ƙaras, Fada Isidoro ya shige ɓarawo har ƙugu.

Shiru. Sai ɗiga, ɗis, ɗis, daga azara. Duk ɗakin ba farar fuska ko ɗaya, kowa ya rine kamar an tsoma shi a marina.

Ludovina ba ta ko goge idonta ba. Ta dunƙule hannu ta ƙwanƙwasa cikin Tsohuwa, ta saurara. Ta matsa taku ɗaya ta sake. Ta bi ta da yatsu daga wuya har gindi, kamar uwa na duba ɗan da ya faɗo daga bishiya. Ba wanda ya yi tari. Belmiro na lilo a sama, yana ganin hanyar Faransa shimfiɗe a gabansa, dutse bayan dutse, ba riga. Ta zagaye ta kaf, ta dawo inda ta fara. Sannan ta jingina goshinta da yumɓun.

"Lafiyarta ƙalau," in ji ta.

Ɗakin ya kece. Aka jefa jiƙaƙƙun huluna sama, Deolinda ta rungume Kawu Amaro har ta ɗaga shi. Fada, daga cikin raminsa, ya tsoma yatsa ya lasa, ya yi tunani, ya sake tsomawa.

"To, alhamdu... madalla!" in ji Belmiro daga sama. "Kun gani ko? Ƙarfin randar nake gwadawa. A kawo tsani a sauke ni."

"Tsanin ya karye, kompadre," in ji Kawu Amaro. "Nawa yana gida. Zan je in kawo, amma ƙafar nan tawa, ka san ta. Sai na ci abincin rana."

Ludovina ta ɗaga kai, a karo na farko ta dubi mijinta. Ta dubi inda yake lilo, ta dubi bakin randa da ke daidai ƙarƙashin cibiyarsa, inda sauran ɓawon ya fara taruwa kuma. Ta je lungu ta ɗauko muciya, ta kaɗe hular ta faɗi cikin kumfa, ta miƙa masa sandar sama.

"Tunda kana nan, danna."

"Uwar Alda, a gaban mutane?"

"Kai ka gayyato su. Danna, har ƙasa, ka bi gefe-gefe."

Ya karɓa. Mawaƙan suka miƙe suna ɗiga, suka sake sarƙe hannuwa, suka ɗauko waƙar da ta fi kowace jan rai. Duk dannawa ɗaya sai ya yi lilo ya dawo, tsofaffin mata na ba shi gyara daga ƙasa: nan bai nutse ba, can ka tsallake. Gumi ya haɗu da giya yana bin gashin bakinsa yana komawa cikin randa. Da waƙar ta ƙare hannuwansa sun mutu, ya ɗaga kai da ƙyar.

"Shi ke nan ko? An gama?"

Ludovina ta leƙa jikin randa, ta shimfiɗa mata jiƙaƙƙen buhu, ta gyara shi da tafi.

"Na safiyar Litinin ka rama," in ji ta. "Saura goma sha uku. Deolinda, a shigo wa mutane da kujeru."